Katin jirgin ƙasa na Japan: Shin har yanzu kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Shekara da shekaru, shawara ɗaya ake fara bai wa duk wanda ya ce zai je yawon buɗe ido ƙasar Japan: tun kafin ya bar gida, ya sayi katin Japan Rail Pass. Ba a ma tsayawa dogon lissafi. Kuɗin katin na kwana bakwai yen 29,650 ne, alhali zuwa da dawowa kaɗai tsakanin Tokyo da Kyoto a jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya kusa cinye wannan adadi. Duk wata tafiya da mutum ya ƙara a kai, tamkar gyara ce aka yi masa.

Wannan zamani ya wuce tun ranar 1 ga watan Oktoban 2023. A ranar ce kamfanonin jiragen ƙasa na JR suka mayar da katin kwana bakwai yen 50,000, wato ƙarin kusan kashi 70 cikin 100 a tashi ɗaya. Na kwana 14 ya tashi daga yen 47,250 zuwa 80,000, na kwana 21 kuma daga 60,450 zuwa 100,000.

Sai dai tsohuwar shawarar tana nan tana yawo a intanet, kuma har gobe akwai masu bin ta. Ga matafiyin da ya tashi daga Abuja ko Kano ko Yamai, wanda sai ya nemi dala kafin ya biya, kuskuren ba ƙarami ba ne. Yen 50,000 ta haura dala 300 ga mutum ɗaya. Idan miji da mata ne, kuɗin ya ninka.

Mene ne katin, kuma wa ya cancanci saye?

Japan Rail Pass kati ne da ke bai wa baƙo damar shiga jiragen ƙasa na rukunin JR iya son ransa, a tsawon kwana bakwai ko 14 ko 21 a jere. An fara sayar da shi a 1981, lokacin da jiragen ke hannun gwamnati. Bayan an rarraba hukumar jiragen a 1987, kamfanoni shida masu jigilar fasinja da suka gaje ta suka ci gaba da amincewa da kati ɗaya, daga tsibirin Hokkaido a arewa har zuwa Kyushu a kudu.

Abin da ya fi jan hankalin masu saye shi ne Shinkansen, jirgin da ya fara aiki ranar 1 ga Oktoban 1964, kwanaki kaɗan kafin gasar Olympics ta Tokyo. Layinsa na farko, daga Tokyo zuwa Osaka, ya kai kilomita 515, kusan ninki uku na layin Abuja zuwa Kaduna, amma jirgin da ya fi sauri yana cinye shi cikin kimanin sa'o'i biyu da rabi. A wannan layi gudunsa kan kai kilomita 285 a sa'a, a layin arewa kuma har 320.

Ba kowa ake sayar wa katin ba. Sharaɗin shi ne jami'an shige da fice su buga wa mutum hatimin da ke ɗauke da kalmomin "Temporary Visitor" a fasfo, wato baƙo na ɗan lokaci. Ɗan yawon buɗe ido ya shiga ciki, haka ma wanda ya je gajeriyar ziyarar kasuwanci ko taro da irin wannan hatimi. Amma ɗalibin da ya samu gurbin karatu, da wanda aka tura samun horo da izinin zama na masu koyon aiki, da ma'aikacin da ke zaune a ƙasar, duk ba su cancanta ba. Ko sun biya kuɗi a intanet, ba za a miƙa musu katin a tasha ba, domin sai an duba fasfo.

Katin na mutum ɗaya ne, ba a aro, ba a sayarwa. Idan ya ɓace ba a sake bayar da wani. Yara daga shekara shida zuwa 11 suna biyan rabin kuɗi.

Lissafi na farko: hanyar da kowa ke bi

Yawancin masu zuwa Japan karon farko hanya ɗaya suke bi: Tokyo, Kyoto, Osaka, sannan su koma Tokyo. A nan ne katin ya fi faɗuwa.

Tikitin Shinkansen daga Tokyo zuwa Kyoto ya kai kimanin yen 14,000. Daga Osaka a koma Tokyo, kimanin 14,500. Tsakanin Kyoto da Osaka tafiyar rabin sa'a ce a jirgin gama-gari, kuma kuɗin bai kai yen 600 ba. Ziyarar yini ɗaya zuwa Nara, tsohon birnin da barewa ke yawo a cikin jama'a, ba ta wuce yen 1,500 zuwa da dawowa. Idan aka haɗa duka, an samu kimanin yen 30,500.

A ƙara jirgin Narita Express daga filin jirgin sama zuwa cikin gari da komawa, wanda ya ɗan haura yen 3,000 kowace tafiya. A ƙara 'yan zirga-zirga a layin Yamanote da ke zagaye tsakiyar Tokyo. Duk da haka jimillar ba ta kai yen 39,000 ba.

Ke nan wanda ya sayi katin yen 50,000 don wannan tafiya ya yi asarar fiye da yen 11,000. Ma'aurata sun yi asarar fiye da 22,000, kuɗin da zai iya biyan kwana ɗaya ko biyu a matsakaicin otal. Wannan ma idan an yi sa'a duk tafiye-tafiyen sun faɗo cikin kwana bakwai ɗin ke nan. Wanda zai yi kwana goma, dole ɗaya daga cikin tafiyarsa ta filin jirgi ta faɗa wajen wa'adin katin.

Lissafi na biyu: idan aka ƙara Hiroshima

Da yawa kan ɗauka cewa da zarar an saka Hiroshima a cikin tafiya, to katin ya fanshi kansa. Alƙaluma sun nuna abin bai kai haka sauƙi ba.

Daga Tokyo zuwa Hiroshima kimanin yen 19,000 ne. Daga can zuwa tsibirin Miyajima, a jirgin ƙasa sannan a jirgin fito na JR wanda shi ma katin ya ɗauka, kimanin yen 1,200 zuwa da dawowa. Daga Hiroshima zuwa Kyoto kimanin 11,000, daga Kyoto zuwa Tokyo 14,000. Jimilla ta ɗan haura yen 45,000. Sai an ƙara Nara da tafiya ɗaya ta Narita Express kafin a taɓo yen 50,000. Wato bayan duk wannan zirga-zirga, ba riba ba faɗuwa, uwar kuɗi kawai aka mayar.

Akwai kuma batun lokaci. Jiragen Shinkansen da ke bin wannan layi ba ɗaya ba ne. Nozomi shi ne mafi sauri kuma mafi yawa, domin a lokacin cunkoso yakan tashi daga Tokyo sau da yawa a sa'a guda. Hikari ya fi tsayawa a tashoshi, kuma galibi biyu ne ke tashi a sa'a. Kodama kuwa babu tashar da yake tsallakewa.

Katin bai ɗauki Nozomi ba, haka ma ɗan'uwansa Mizuho da ke zuwa Kyushu. Tun 2023 an ba masu katin damar shigarsu, amma sai sun sayi ƙarin tikiti: yen 4,960 daga Tokyo zuwa Kyoto, yen 6,500 zuwa Hiroshima. Zuwa Kyoto bambancin bai taka kara ya karya ba, domin Nozomi na yin kimanin sa'a biyu da minti 15, Hikari kuma sa'a biyu da minti 40. Amma zuwa Hiroshima, wanda ya sayi tikiti kai tsaye zai zauna a Nozomi ɗaya ya isa cikin kimanin sa'o'i huɗu, shi kuwa mai kati yawanci sai ya sauka ya canja jirgi a hanya, ya kuma ƙara kusan sa'a guda.

Inda katin ke da riba

Duk da haka katin bai mutu ba. Yana nan da amfaninsa ga mai doguwar tafiya a cikin kwanaki kaɗan.

A ɗauki wanda ya tashi daga Tokyo zuwa Kyoto, ya wuce Hiroshima, ya zarce Fukuoka a tsibirin Kyushu, sannan ya juyo Tokyo, duk a mako ɗaya. Kuɗin ya zama kimanin yen 14,000 da 11,000 da 9,000 da 23,000, jimilla 57,000, tun ba a saka ƙananan tafiye-tafiye ba. Wannan ya ci ribar aƙalla yen 7,000.

Haka wanda ya nufi arewa. Daga Tokyo zuwa Hakodate a Hokkaido, ta cikin ramin Seikan da ya ratsa ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 54, kuɗin ya kai kimanin yen 23,000 kowace tafiya. Jirgin Hayabusa da ke wannan hanya katin ya ɗauke shi ba tare da ƙarin kuɗi ba, illa dai sai an kama kujera. Zuwa da dawowa, da yada zango a Sendai ko Aomori, sun isa su haura kuɗin katin.

Hanya mafi sauƙi ta gane inda aka dosa ita ce raba kuɗin da kwanaki. Mai katin kwana bakwai sai ya yi tafiyar fiye da yen 7,100 kowace rana kafin ya mayar da kuɗinsa. Na kwana 14 yana buƙatar kimanin 5,700 a rana, na kwana 21 kimanin 4,800. Duk ranar da mutum ya wuni a cikin gari ɗaya yana kallon wurare, ranar ta tafi a banza ta fuskar katin, domin kwanakin a jere ake ƙirga su, ko an hau jirgi ko ba a hau ba. Kuma rana tana ƙarewa ne da ƙarfe 12 na dare, don haka wanda ya fara amfani da katin da yamma ya riga ya ƙone kwana ɗaya.

Abin da katin bai ɗauka ba

Wani abin da ke ba baƙi mamaki shi ne yawan jiragen da ba na JR ba. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo, da na Osaka da Kyoto, duk katin bai shafe su ba. Motocin bas na birnin Kyoto, waɗanda su ne ke kai mutane yawancin wuraren tarihi, su ma sai an biya daban. Akwai kuma manyan kamfanoni masu zaman kansu irin su Odakyu da Kintetsu da Hankyu da Keihan, waɗanda a wurare da dama tashoshinsu sun fi kusa da inda baƙo zai je.

Misali, mai son zuwa Juma'a a masallacin Tokyo Camii zai sauka ne a tashar Yoyogi-Uehara, wadda ke kan layin Odakyu da na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba na JR ba. Mai son ganin dutsen Fuji daga bakin tafkin Kawaguchi, ƙarshen tafiyarsa a kan layin wani kamfani ne daban. Yankin Hakone ma haka.

Saboda haka ko da kati ko babu, baƙo zai buƙaci ɗaya daga cikin katunan da ake loda wa kuɗi, irin su Suica ko Pasmo ko Icoca, waɗanda ake dangwalawa a ƙofar tasha da cikin bas, har ma a sayi ruwa da su a kanti.

Sauran hanyoyin da suka fi araha

Kafin a yanke shawara, akwai zaɓi uku da ya kamata a gwada su da farashin katin.

Na farko shi ne katunan yanki. Kowane kamfanin JR na da nasa, kuma wasunsu sun fi na ƙasa baki ɗaya riba nesa ba kusa ba. Katin Kansai-Hiroshima na kwana biyar, wanda aka sa wa yen 17,000 a 2023, ya ɗauki Shinkansen tsakanin Osaka da Hiroshima har da Nozomi, ga jiragen Kyoto da Nara da Kobe, ga jirgin fiton Miyajima. Zuwa da dawowa Hiroshima kaɗai ya haura yen 20,000, ke nan tafiya ɗaya ta fanshe shi. Wanda ya sayi tikitin Tokyo zuwa Kyoto, ya yi kwana biyar da wannan kati, ya koma Tokyo da wani tikitin, ya kashe kimanin yen 45,500, kuma babu mai ƙirga masa kwana bakwai.

Na biyu shi ne tsarin tikitin jirgin sama. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Japan, sai an yada zango a birane irin su Addis Ababa ko Doha ko Dubai ko Istanbul, kuma wasu daga cikin kamfanonin na sauka a Tokyo da Osaka duka. Wanda ya sauka a Tokyo ya tashi daga filin jirgin Kansai na Osaka ya huta da komawa baya gaba ɗaya. A misalin da ya gabata, kuɗin jirgin ƙasansa zai sauko zuwa kimanin yen 31,000, domin katin yankin ya ɗauki jirgin da ke kai wa filin na Kansai.

Na uku shi ne barin Shinkansen a wasu zangunan. Motocin bas na dare tsakanin Tokyo da Osaka kan ɗauki sa'o'i takwas ko fiye, amma sau da yawa kuɗinsu bai kai rabin na jirgin ba, ga shi an huta da kuɗin otal na dare ɗaya. Zuwa wurare masu nisa kamar Sapporo ko Fukuoka kuwa, jiragen sama masu rahusa irin su Peach da Jetstar Japan kan fi jirgin ƙasa sauƙi da sauri idan an saya da wuri, sai dai a kula da kuɗin kaya.

Abin da kuɗi ba ya aunawa

Masu goyon bayan katin na da hujjar da ba a raina ta: kwanciyar hankali. Baƙon da bai iya harshen ba, ga gajiyar tafiyar kusan kwana guda a sama, ba ƙaramin sauƙi ba ne a ce kati ɗaya zai zura a ƙofa ya wuce. Kama kujera kyauta ne ga mai kati. Idan jirgi ya tafi ya bar shi, sai ya jira na gaba. Idan ya tashi da safe ya ga ana ruwa a Kyoto, yana iya cewa yau Himeji za shi ya kalli fadar tarihi, ba tare da ya sake ciro ko yen ɗaya ba. Idan bambancin lissafi bai wuce yen dubu biyu ko uku ba, wannan 'yanci ya isa dalilin saye.

Amma akwai tarko a ciki. Wanda ya riga ya zuba yen 50,000 yakan ji kamar dole sai ya fanshe, sai ya shiga ƙara biranen da tun farko ba su cikin shirinsa. Ya kwana ɗaya a nan, ya kwana ɗaya a can, kullum da jaka a hannu, ya dawo gida ya fi sanin tashoshi a kan garuruwan kansu. A nan kati ne ya tsara wa mutum tafiya, maimakon tafiya ta tsara abin da za a saya.

Lokacin zuwa ma abin dubawa ne. Baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga Japan a 2024, shekarar da darajar yen ta faɗi har dala ɗaya ta kai yen 160. Jiragen na cika, musamman a hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, da ƙarshen shekara. Katin izinin shiga ne kawai, bai tanadar wa kowa kujera ba. Sannan a layin Tokyo zuwa Osaka har Kyushu, duk akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa suka haura santimita 160 idan an haɗa, sai an kama kujera ta musamman mai wurin kaya. Wanda bai yi haka ba za a caje shi yen 1,000. Masu tafiya da manyan akwatunan tsaraba su lura.

Yadda ake yanke shawara

Mai neman bizar Japan dama sai ya rubuta jadawalin inda zai kasance kowace rana. Wannan takarda ita ce ma'aunin da ya fi kowane. A ɗauko ta, a fitar da tafiye-tafiyen da ke tsakanin birane, a rubuta kuɗin kowacce kamar yadda yake a shafukan kamfanonin a ranar, domin farashi kan sauya. Sannan a duba ko manyan tafiye-tafiyen za su taru a cikin kwana bakwai a jere. Wanda zai yi kwana 12 ba lallai ne ya sayi katin kwana 14 ba. Yana iya yin kwanakin farko a Tokyo da Suica, ya fara katin kwana bakwai a ranar da zai bar birnin.

Idan jimillar ta haura kuɗin katin sosai, a saya. Idan ta yi ƙasa da yen 45,000, a bar shi, a sayi tikiti ɗai-ɗai ko katin yanki. Idan tana tsakani, sai mutum ya tambayi kansa abin da ya fi so: saurin Nozomi, ko 'yancin canja shawara.

Kuma kada a saya sai biza ta fito. Babu abin gaggawa a ciki, domin katin ba ya ƙarewa a kasuwa. Wanda ya saya ta hannun dillalai takardar musaya ake ba shi, wadda dole ya canja ta a Japan cikin wata uku, don haka sayen wuri ma na iya zama matsala. A filin jirgi kuma, a tabbata an ga hatimin a cikin fasfo kafin a bar gaban jami'i, domin shi ne abu na farko da za a nema a ofishin JR.